Malam Abdullahin Gwandu da Ladabin Karatu

Mu mutanen Karaye da Jega da Maiyama, a inuwar Gwandu muka tashi. Duk wanda ya yi karatun zaure a yankin nan ya san sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo tun kafin ya iya fassara baiti ɗaya. Da ƙuruciya jarumtakarsa ce ke burge ni. Da furfura ta zo, sai na fi jinjina wa haƙurinsa da karatu.

Shi ne ya tsara nahawu a waƙe cikin Bahrul Muhiɗ, ya tsara sarfu cikin Hisnur Rasin, ya bar mana tafsirin Liya'ut Tawili. A 1807 son duniyar da ya gani cikin rundunar jihadi ya ɓata masa rai, ya kama hanyar Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida. A Gwandu ya rasu a 1829.

Amma littafinsa da ya fi kama zuciyata ɗan ƙarami ne, Ida'un Nusuhi. A ciki ya jera malamansa da abin da ya ɗauka wurin kowa: Ishiriniya da Ajurrumiya a gaban yayansa Shehu Usmanu, ga kuma zamansa da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Duk girman da ya kai, bai ji nauyin faɗin wanda ya koya masa ba.

Silsilar nan kuwa doguwa ce, har Farisa ta kai. Sibawaihi, jigon nahawu, Bafarishe ne. Firuzabadi mai Ƙamus ma can aka haife shi a 1329. Malam Abdullahi kuwa Fulatanci ya sha a nono. Naci ne ya mallaka musu Larabci.

Na ga irin nacin nan ido da ido. Malamina, Allah Ya jiƙansa, yakan kwance gafaka, ya zaro warƙa ɗaya tak, gefenta cike da sharhin jar tawada. Baiti guda sai ya kai mu azahar. In ka yi gaggawa ya ce, "Maimaita, ɗana, karatu ba ya gudu."

Jikokina da ke jami'ar Aliero sukan kawo mini labarin abin da suka koyo. Nakan saurara da daɗin rai, sannan in tambaye su sunan malamin da ya koya musu, da wanda ya koya wa malamin.