Awon ciki a bayan katanga

A wani gari na kudancin Nijar akwai wata dattijuwa da ta shafe wata bakwai tana zuwa ƙofar gidan kaso duk ranar kasuwa. Takan taho daga ƙauye bisa amalanke, da kwanon fura da ƙullin zogale, ta zauna a inuwar katanga har gardi ya kira ta. Ɗiyarta ce a ciki. An tsare ta ne saboda faɗa da kishiya wanda ya kai ga rauni, alƙali kuma bai yanke hukunci ba tukuna. Ranar da aka shigar da ita tana da ciki wata biyu, cikin fari, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Wanda ya san Bahaushiya ba zai ga laifinta ba. Cikin fari ba abin da ake faɗa da baki ba ne, ko ga uwar da ta haife ki. A gida idon manya ne yake ganewa: gwaggo ta lura yarinya ta daina son ƙamshin daddawa, kaka ta ga barci ya yi mata yawa, sai a yi murmushi a fara shiri. A gidan kaso kuwa, wanda ya karɓe ta namiji ne mai kaki, ya tambayi suna da gari da shekaru, ya rufe littafi. Sai da cikin ya kai wata biyar wata tsohuwa da suke ɗaki ɗaya ta dube ta da kyau, ta je ta gaya wa majo.

Tun shekarar 2006 awon ciki kyauta ne a likitocin gwamnatin Nijar. A wurin awon ana auna nauyi da hawan jini, ana duba girman ciki da kwanciyar ɗa, ana yin allurar rigakafin sandarewar jiki, ana ba da ƙwayar ƙarin jini, daga wata na huɗu kuma a fara ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 4, a 2016 ta mai da shi sau 8. Amma kyautar nan ta mai iya yafa mayafi ta taka da ƙafarta ce. Wadda ke tsare sai shugaban gidan ya ba da izini, sai an sami gardin da zai raka ta, sai an sami mota, motar kuma sai da mai. In ɗaya ya ɓace, awon ya koma mako mai zuwa. Sau biyu aka kai ɗiyar dattijuwar nan.

Ga kuma ci. Tuwon da ake rabawa ba ya bambanta mai ciki da maras ciki, ƙwayar ƙarin jini kuwa ba ta zama nama ko ƙwai. Damina ta sauka, sauro ya cika ɗakin, gidan sauro ɗaya mata uku. Abin da ya riƙe yarinyar shi ne kwanon uwarta, wadda danginta suka juya wa baya kuwa ba ta da ko wannan.

Wata rana ta ce, "Inna, ƙafafuna ba su shiga takalmi, kaina kuma sai sara yake yi." Uwar ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata, haka ciki yake, ni ma na yi." Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ungozomar likita ba za ta ce haka ba. Kumburi tare da ciwon kai a ƙarshen ciki yakan zama alamar hawan jinin da ke kai ga jijjiga, wadda ke tafiya da uwa da ɗa a dare ɗaya. Gane shi ba ya buƙatar fiye da abin awon jini da mai ɗaura shi a hannu. Ƙungiyoyin da ke kai sabulu da tabarmi gidan kaso da azumi suna da lada, sai dai da wuya a ji ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko akwai mai ciki, da ranar da aka auna ta.

Ba a rasa doka ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 30, ta ce in za a hukunta mai ciki a fara duba hanyar da ba ta ɗauri ba. Ƙa'idojin Bankok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun maimaita haka, sun ƙara da abinci mai kyau da kulawar likita, sun hana sa wa mace ankwa tana naƙuda. Wannan yarinya kuwa ko hukuncin ba a kai ba, jira kawai take yi, ciki kuma ba ya jiran zaman kotu.

Da tana gida, da a wata na bakwai an mai da ita ɗakin uwarta goyon ciki, an tara itacen wankan jego a bayan ɗaki. Dattijuwar ta tara itacen duk da haka. Naƙuda ta tashi da dare, aka kai yarinyar gidan haihuwa, jininta ya hau sosai, aka yi mata aiki, gardi yana zaune bisa benci a bakin ƙofa. Allah ya sa ta tashi, ɗan ma ya rayu. Aka yanka ragon suna a ƙauye babu mai jego babu jariri. Ranar kasuwar da ta biyo baya, dattijuwar ta zo ƙofar gidan kaso da tulun kunun kanwa da kason naman suna a cikin kwano, ta zauna a inuwar katanga tana jiran a kira ta.