Tumatirin Gaya, daga shanya zuwa kwalba

Wanda ya taso daga Kano zai je Gaya, sai ya haye gadar Wudil kafin ya kama hanyar gabas. A watan Maris na bi ta nan daga Zariya zuwa wani biki. An riga an kwashe karan gero da na dawa, gonakin tudu sun zama fili fetal, amma ta ɓangaren Ajingi, inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadamun Kogin Haɗeja, kore ne shar: albasa, tattasai, attaruhu da tumatir, ga injinan ban ruwa suna ta tari tun asuba. Gaya tsohon gari ne. Tarihi ya ce daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama. Ni kuwa abin da ya tsayar mini da ido shi ne jan da ya malale a bayan gari, kamar an shanya atamfofin amarya. Tumatir ne aka yayyanka gida biyu, aka baje a rana.

Kauɗa ke nan, kuma ita ce rumbun tumatir a wannan ƙasa. Daga Janairu zuwa Maris lambu kan nuna kusan lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse, kwando ya faɗi warwas, har dillali ya riƙa taya shi da kuɗin da bai kai na ɗauko shi daga gona ba. Wanda aka loda a mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, na ƙasan kwando kan isa a markaɗe. Masana sun daɗe suna ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya lalacewa yake kafin ya shiga tukunya. An sa rai da masana'antar Dangote ta Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, sai ga shi a shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma tun daga nan aikin nata yau a buɗe ne gobe a rufe. Saboda haka manomin Ajingi ya koma ga wuƙa da rana, waɗanda ba su taɓa ba shi kunya ba.

Na tsuguna wajen mata da yara masu yanka, na ga aikin da idona. Ana zaɓen mai tsoka, irin wanda suke kira UTC, domin mai ruwa ba ya auki. Kwana kaɗan a iskar rani ya ƙame, a zuba a buhu, a jira damina lokacin da ɗanye ke gagarar talaka. Dabara ce mai kyau, amma abu ɗaya ya dame ni: da yawa a kan ƙasa tsurarta ake shanyar, ko a kan buhun da ya yage. Ƙura na sauka, awaki na ratsawa, shi ya sa kauɗa kan yi baƙi, uwargida ta wanke ta sau da yawa amma tsakuwa ta ƙi fita daga miya. Rumfar kara da tabarma mai tsabta, ɗan tsayi kaɗan daga ƙasa, za su canza launinta da farashinta.

A gidan bikin ne maganar kwalba ta taso. Cikin kayan kicin ɗin amarya akwai na'urar ɗumama abinci ta lantarki, tana nan a kwalinta, don wutar ba ta zama. Ƙanwar amarya ta ce mini, "Anti, na ji Turawa suna haɗa miyar tumatir da burodi a kwalba, su sa a cikin wannan, su ajiye. Mu ma ba ma yi ba, tun da ga tumatir a banza?"

Miyar da take nufi gaskiya ce. A yankin Toskana na Italiya talakawa ne suka ƙirƙiro ta don kada busasshen burodi ya tafi a banza: a dafa tumatir da tafarnuwa da man zaitun, a gutsuttsura burodin a ciki har ya narke ya yi kauri. Wanda ya san ɗumamen tuwo ba zai yi mamakin wannan tunani ba. A dafa ta a kwalba a cikin na'ura a sha nan take, ba laifi, in dai ba a sa murfin ƙarfe ba. Ajiyewa ce matsalar, kuma na faɗa mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Na'urar ba ta raba zafi daidai. Gefe kan tafasa, tsakiya na da ɗumi kawai. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa, wadda ke son wurin da babu iska kuma babu tsami, tana fitar da guba mai shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma sau da yawa ba ta canza wari ko ɗanɗano. Abin da ke tsare tumatir daga gare ta shi ne ɗan tsamin da Allah ya yi masa. Da zarar an zuba burodi da albasa da mai, tsamin ya ragu, kaurin kuma ya hana zafi ratsawa. Irin wannan haɗi ko tafasa a tukunya ba ta isar masa.

Wata dattijuwa da ke gefe tana tsince shinkafa ta ce ita kam ta saba dafa markaɗe ta ɗura a kwalaben mayonis, ta mayar da su tukunya. Hanyarta ce daidai, kuma ita ce wadda wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya wallafa tun 1810. Na roƙe ta ta ƙara abu biyu kawai. Ta bar tumatirin shi kaɗai, attaruhu da albasa su jira ranar girki, ta kuma zuba ruwan lemon tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita. Sannan a ɗura da zafinsa, a bar ɗan sarari a sama, a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ruwa ya sha kan kwalaben, a bar su suna tafasa kamar minti 50 ga mai lita ɗaya, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara ɓararraka. Itace ko gawayi ya isa, ba a bukatar wutar lantarki ko firji.

Wannan shi ne darasin da nake so in ga malaman gona na hukumar KNARDA suna kaiwa cikin gidaje a Gaya da Ajingi a kowane rani, da bakin mata 'yan uwansu, kafin kwando ya faɗi. Inda aikin ya fi rauni shi ne murfi. Tsofaffin kwalabe suna da arha a kasuwa, amma murfin da ya yi tsatsa ko robarsa ta cinye ba ya kama iska, kuma sabbin murafe ba su cika zuwa ƙauye ba. Bayan kwalba ta huce, tsakiyar murfinta ya kamata ya lotsa ciki. Wadda nata bai lotsa ba a yi miya da ita a ranar. Wadda kuma aka tarar ta kumbura bayan makonni, ko tana kumfa, a binne abin da ke ciki nesa da kaji, kada ko harshe a ɗora.