Icce Tun Yana Ɗanye

Mu 'ya'yan Tudun Fulani ne, unguwar nan da ke gaba da Bosso a kan hanyar da ta fita daga Minna ta nufi Maikunkele da Zungeru. A nan aka yanke mana cibiya, a nan muka yi wasan ƙasa da langa, a nan kuma muka haddace darasin farko da ake koya wa ɗa namiji tun bai iya ɗaura wando ba, watau cewa namiji ba ya kuka. In ka faɗi ka fasa gwiwa, a ce tashi, ai kai namiji ne. In wanzami ya zo kaciya, a ce ka cije kada ka ba gidanku kunya. In an doke ka a waje ka dawo da hawaye, a ƙara maka wani dukan, a ce koma ka rama. Da wannan aka rene mu, mu ma da muka girma muka ci gaba da renon na bayanmu da shi, ba tare da mun taɓa tambayar kanmu inda hawayen da aka hana fita yake komawa ba.

Muna yara mun sha kallon shaɗi a kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da mu. Saurayi ya tsaya ƙirji a buɗe, yana duban fuskarsa a madubi, abokin karawarsa ya zabga masa tsumagiya har fata ta tsage, shi kuwa ko gezau, sai ma murmushi. Abin da muka ɗauko daga nan shi ne jarumi ba ya jin zafi. Sai da muka manyanta muka gane gurguwar fahimta muka yi wa Fulani. Saurayin nan yana jin zafin sarai. Abin da yake nunawa shi ne abin da suke kira munyal a cikin pulaku, watau haƙuri da mallakar kai. Kuma shaɗi yana da ƙa'ida, yana da manya masu sa ido, yana da lokacin ƙarewa, sa'an nan 'yan'uwa su ja nasu gefe su yi masa magani. Mu kuwa bulalar muka ɗauka, muka bar sauran.

Wanda ya tona mana asirin wannan kuskure yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, ɗan yayarmu. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta dawo gida da shi, renonsa ya faɗo hannunmu, mu kawunnansa. Ranar jana'iza bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, masu zuwa ta'aziyya suna ta shafa kansa suna cewa lalle an bar namiji a baya, mu kuma muna jin daɗin yabon. Ba a yi wata uku ba ya soma dawowa daga makaranta da riga a yage. Yau ya fasa wa wani baki, gobe ya jefi akuyar maƙwabta, jibi ya ture ƙanwarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi da gaske.

Ana cikin haka garin Minna ya ɗauki zafi da faɗan 'yan daba, har a watan Afrilu na 2025 Gwamna Muhammad Umar Bago ya hana zirga-zirgar babura da kekuna masu ƙafa uku daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe. A cikin kwanakin nan ne uwar yaron ta tsinci wuƙa a jakarsa ta makaranta, an naɗe ta cikin tsumma. Muka yi abin da muka gada. Muka rufe ƙofa, muka ɗauko dorina. Yaron nan ya tsaya ƙyam, ya zuba mana ido, har hannu ya gaji bai ce uffan ba. A da, da mun ce ya cika namiji. A wannan rana kuwa tsoro ne ya kama mu, domin mun ga a fili cewa wanda dukan gida bai girgiza shi ba, ya riga ya ci jarrabawar shiga daba.

Muna da wani dattijo maƙwabci, tsohon ma'aikacin jinya, wanda ya taɓa zuwa Indiya aka yi masa aiki a baya, masu gashin ƙashi na can suka koya masa wasu hanyoyin miƙe jiki da sarrafa numfashi. Ya ji ƙarar dorina ta kan katanga. Da magariba ya kira mu ya ce, “'Ya'yana, kun doki fatar, amma ciwon ba a fatar yake ba. Ku ba ni aron yaron nan bayan sallar asuba, minti ashirin kawai.” Muka ce, “Baba, me za ka yi masa?” Ya ce, “Zan koya masa zama.”

Abin da Baba yake yi shi ne abin da duniya ta sani da suna yoga. Asalinsa Indiya, kuma tushen kalmar a tsohon harshensu yana nufin haɗawa, kamar yadda manomi kan haɗa shanun huɗa da karkiya don su ja garma tare. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce wani masani mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idojinsa a rubuce. A yau ya bazu ko'ina a matsayin motsa jiki, har a watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni a matsayin ranarsa, aka fara bikin a 2015.

Mun yi jinkiri, kuma jinkirinmu yana da dalili. Abin ya tsiro ne a cikin addinin Hindu, kuma a cikinsa akwai kalmomin da ake rerawa da gaisuwar rana, waɗanda ba su da muhalli a gidan Musulmi. Ba mu kaɗai ne muka yi wannan ɗari-ɗari ba: a 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da irin waɗannan abubuwa, alhali kuwa a 2017 Saudiyya ta amince a koyar da shi a matsayin wasan motsa jiki. Saboda haka muka tafi zauren malaminmu muka ce, “Allah ya gafarta Malam, ga abin da ake ciki.” Ya sa Baba ya gwada a gabansa, ya duba da kyau, kana ya ce a bar duk wata kalma da ake rerawa da duk abin da ya yi kama da rusuna wa wanin Allah, amma miƙa gaɓoɓi da jan numfashi bai ga laifinsu ba. Ya kuma tuna mana abin da muka karanta muka manta, cewa addini ya umurci mai fushi, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ko ya yi alwala, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Muka fito daga zauren nan kanmu a sunkuye.

Aka fara a tsakar gidan Baba, a kan tabarma. Yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora tafin ɗayar a cinya, ya ɗaga hannuwa kamar reshen bishiya. Ya kwanta rub-da-ciki ya ɗago ƙirji kamar gamsheƙa. Ya durƙusa ya gantsare baya kamar kyanwa ta tashi daga barci. Daga ƙarshe ya zauna ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida. Baba ya bayyana mana cewa in mutum ya fusata, zuciya kan yi sauri, numfashi ya gajarce, jiki ya shirya faɗa. In kuwa aka tsawaita fitar da numfashi, bugun zuciya kan lafa, hankali ya sami sararin dawowa. Cikin mako biyu yaran layinmu shida sun shiga, suka raɗa wa tsayuwar ƙafa ɗaya suna langar da ba ture. Sun kuwa faɗi gaskiya, domin a langa abokin wasa ne ke neman kayar da kai, a nan kuwa kana kokawa ne da kanka, kuma duk wanda zuciyarsa ke tafasa ba ya iya daɗewa a kan ƙafa ɗaya.

Wata safiya, bayan kamar wata biyu, ana zaune ana ƙirga numfashi, sai aka ji shessheka. Yaronmu ne. Baba ya yi wa sauran alama da hannu kada kowa ya motsa, kuma babu wanda ya yi dariya. Ya yi kukan mahaifinsa har ya gaji. Da rana ya same mu a zaure ya ce, “Kawu, yau na yi abin kunya.” Muka ce, “Ba ka yi ba. Mu ne muka yi, da muka hana ka tun ranar farko.”

Kada mai karatu ya zaci muna tallar wani maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu ne. Yaron bai zama waliyyi ba. Har yau yakan yi fushi, wani lokaci ma ya kai hannu. Amma yana barci, yana cin abinci, ya daina taɓa ƙanwarsa, kuma mun taɓa hango shi a filin ƙwallo an yi masa ƙeta, ya dunƙule hannu, leɓɓansa suna motsi yana ƙirgawa, har ya saki hannun. Wuƙa ba ta sake shiga jakarsa ba. Kuma ba numfashi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai dattijon da ya ware masa minti ashirin kullum ba tsawa ba zagi, abin da mu kawunnansa ba mu taɓa yi ba.

Daga baya muka ji cewa wasu sun riga mu. A birnin Baltimo na Amurka, wasu 'yan'uwa biyu, Ali da Atman Smith, tare da abokinsu Andres Gonzalez, sun kafa ƙungiyar Holistic Life Foundation a 2001, suna koya wa yaran unguwannin da tashin hankali ya yi wa katutu irin wannan zama. A 2016 labarin makarantar firamare ta Robert W. Coleman ya bazu, inda ake kai yaron da ya yi rigima wani ɗaki na musamman ya zauna ya daidaita numfashinsa, ya faɗi abin da ke damunsa, maimakon horo. Ashe ciwon ɗaya ne, ko a Baltimo ko a Tudun Fulani.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun daɗe muna fassara karin maganar nan da bulala. Amma duk wanda ya taɓa ganin mai yin baka ya san ba da duka ake lanƙwasa icce ba. A hankali ake bi da shi, yau kaɗan gobe kaɗan, in an matsa ya karye. Ba mu ce lalle sai an kira abin da sunan yoga ba. Muna da natsuwar da aka wajabta mana a cikin salla, muna da langa da kokawa masu ƙa'ida, muna da munyal na maƙwabtanmu Fulani. Abin da muka rasa shi ne babban da zai zauna da yaro ya nuna masa yadda ake riƙe zuciya in ta tashi, ya kuma ba shi izinin kuka in kukan ya zo.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla gobe su ne malaman makaranta, su ne iyaye, su ne kawunnai. Muna roƙonku, ranar da yaro ya tsaya gabanku ido a bushe bayan babban rashi, kada ku yi gaggawar yaba masa kamar yadda muka yi. Ku shimfiɗa tabarma, ku zauna tare da shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.