Filinmu jigawa ne, ba ciyawar salula ba

Yaran lakwal ɗinmu a nan Gabi sun fi iya haɗa ƙungiyar ƙwallo a salula da haddace jadawalin ninkawa. A eFootball kowa Mbappe yake nema, kowa mai gudu yake so. Da wannan idon kuma suke zuwa wurina idan za a zaɓi masu buga wa lakwal, alhali filin salula ciyawa ce shimfiɗaɗɗiya, namu kuwa jigawa ne.

A rairayi ƙwallo ba ta tafiya. Ka tura ta ƙasa-ƙasa, taku biyar ta kwanta, mai gudun nan kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci harshensa ya fito. Shi ya sa nake ɗaukar mai ƙafa da nauyi wanda zai ɗaga ta sama, da dogo mai sa kai, da yaron da noma ya ba numfashi. Sai su ce mushe ya tsufa, bai san ƙwallon zamani ba.

Abin dariya, akwai masu wasan kwamfuta da suke bayana. Amurkawa na da besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki, kuma suna gasarsa ta kwaikwayo a wasanni irin Strat-O-Matic da Out of the Park Baseball. A can fili yana cikin lissafi, mai ƙungiya yakan duba filinsa kafin ya sayi ɗan wasa ko ɗaya. Wanda ya ɗauki Coors Field na birnin Denba, mai tudun kusan mita 1,600 inda iska ba ta da kauri kuma ƙwallo ke yin nisa, masu duka da ƙarfi zai tara, ya nemi majefa da ke sa a doki ƙwallo ƙasa. Mai faffaɗan fili kuwa masu gudu da cafe yake bi.

Ko a Ingila an yi haka. Da Stoke City ta hau Firimiya a 2008, Tony Pulis ya tsuke filinsu iyakar abin da doka ta yarda, don jifar Rory Delap ta riƙa faɗawa gaban raga kan dogayen mutanensa. Arsenal ta sha wuya a wurin.

Inda abin ke ci mini rai shi ne wani ɗan ƙaramin yaro a ajina. Ƙafarsa ta fi ta kowa, amma rairayi na cinye shi, kuma ya san benci yake zama ba don rashin iyawa ba. Wasanninmu ba duka a gida ake yi ba. Akwai garuruwan da filinsu tsandauri ne, fadamar da ta bushe, ƙwallo na gudu kamar an kore ta, dogayena su yi ta bin iska. Bana na ware gurbi biyu don irinsa, kuma ranar Laraba da marece muna fita atisaye a tsandaurin bayan gari. Abokin aikina ya ce ɓata gurbi ne. Har yanzu ba mu daidaita ba.