Ummi, Kakanki bai haukace ba

Ummi 'yata,

Ran nan kin tambaye ni ko Kaka haukacewa ya yi, na kau da kai. Ga amsar, ki karanta in kin ƙara wayo.

A daminar 2023, watan da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar, hawan jini ya kayar da shi yana alwala, ɓarinsa na hagu ya shanye. Muka kai shi asibiti a Katsina. Kwana biyu yana gane kowa. A na uku, da almuru, sai ya fara fizge robar ƙarin ruwa, wai mota ta cika, a miƙo masa makulli ya tsallake Ɗan Isa kafin dare. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigila tsakanin Magama da Maraɗi, ga shi kwance yana lodi. Gari na wayewa kuma ya gaisa da mu lafiya lau.

Wani dare ya dube ni ya ce ni ɓarawo ne, na sayar masa da mota. Ummi, na yi fushi. Na daka wa mahaifina tsawa, na ɗaure hannunsa mai lafiya da rawaninsa, na fita ina zargin sammu. Har yau in na tuna, kunya ke rufe ni.

Wata nas ce ta kwance shi. Ta ce ruɗewa ce da ke samun kusan mutum ɗaya cikin huɗu bayan irin wannan faɗuwa: ƙwaƙwalwa ta ji rauni, abu kaɗan ke birkita ta, ƙarancin ruwa, rashin barci, ko zazzaɓi. Aka duba, ashe fitsari ne ya taru ya ƙi fita, ga ƙwayar cuta. Da aka sa masa roba aka ba shi magani, sambatun suka fara ja da baya.

Ke kuwa, da shekararki takwas, ba wanda ya koya miki. Kika sa masa tabaransa, kika riƙe yatsunsa kina cewa, "Angona, yau Talata, nan Katsina ne, motarka na gida." Sau goma ya tambaya, sau goma kika amsa, ba ki ƙosa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ya ce, "To amarya, kira min Babanki."

Wannan haƙurin ba a wurina kika gado shi ba. Ki riƙe shi, wataƙila wata rana ni zan buƙace shi.

Naki,
Baba