Yahudawan Sefwi da Mu 'Yan Zango

Duk wanda ya tashi a gidan 'yan goro a Nima ko Mamobi ya san sunan Sefwi tun yana ƙarami. Can iyayenmu kan tafi sayen goro, su yi makonni, su dawo Ankara da huhuna a bayan mota da jar ƙasa a gefen riga. Amma a duk hirar da suka yi mana ba mu taɓa jin sun ce akwai Yahudawa a can ba. Sai da muka girma muka ji, muka ɗauka ba'a ce.

Ashe gaskiya ne. A cikin shekarun 1970 wani mutumin Sefwi, Aaron Ahomtre Toakyirafa, ya ce an nuna masa cewa kakanninsa Bani Isra'ila ne. Hujjarsa ita ce al'adun da ya tarar a gida: hutun ranar Asabar, ƙin cin naman alade, da yi wa yaro kaciya yana jariri. Ya shiga ƙauyuka yana wa'azi, wasu suka bi shi, da yawa suka yi masa dariya, wasu ma suka tsangwami mabiyansa. Ya rasu a 1991, jama'ar kuma ta kusa watsewa, kamar yadda aka saba gani idan komai yana hannun mutum ɗaya.

To, wanda ya fi jan hankalinmu shi ne wanda ya zo bayansa, wato David Ahenkorah. Tattara mutane ya yi a unguwar New Adiembra da ke Sefwi Wiawso, aka ci gaba da ibadar Asabar, har suka gina ɗakin ibadarsu a 1998. Jama'ar ta ƙulla zumunci da ƙungiyar Kulanu ta Amurka, wadda ke taimakon ƙananan al'ummun Yahudawa a wurare masu nisa, littattafai da baƙi suka fara zuwa. Ba su tsaya ga roƙo ba. Suka riƙa ɗinka ƙyallen da ake rufe burodin Asabar da shi, da atamfa irin wadda muke saye a Makola, ana sayarwa a ƙasashen waje, kuɗin na shiga aikin jama'a. Sannan suka tura wani matashinsu, Alex Armah, karatu Yuganda wajen Gershom Sizomu, malamin Yahudawan Abayudaya, wanda a 2016 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin ƙasarsa. Dukansu fa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wani gidan haya guda a Nima sai ya kusa kai su yawa.

Mun san abin da wani zai ce. A bakin masallatanmu, musamman tun yaƙin Gaza na 2023, ambaton Bayahude kaɗai kan sa fuska ta canja, mu ma kuma zuciyarmu na tare da Falasɗinawa. Sai dai waɗannan manoman koko ne da 'yan tireda, Sefwi da Tuwi suke ji, ba su da tankar yaƙi ko guda. Ko asalin da suke faɗa ya tabbata ko bai tabbata ba, wannan maganar masu tarihi ce.

Abin da ya haɗa mu da su tambaya ce guda. Su ana ce musu: da gaske ku Yahudawa ne? Mu kuma ana ce mana: da gaske ku 'yan Gana ne? Su ba a shakkar ƙasarsu, addininsu ake shakka. Mu ba a shakkar addininmu, ƙasarmu ake shakka. Tsofaffinmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, har da waɗanda aka binne cibiyarsu a nan suka hau mota. Ko a 'yan shekarun nan, wajen yin katin ɗan ƙasa, wani ma'aikaci ya dubi sunan ƙaninmu ya ce ya faɗi garinsu. Ya ce Nima. Ma'aikacin ya ce Nima ba gari ba ne.

Mu ma mun yi shugabanni na gari, Allah Ya saka musu. Amma ƙungiyar unguwarmu da muka kafa don gina ɗakin karatu ta tsaya cik tun ranar da aka yi jana'izar Alhajin da ke jagorantarta. Shi ke riƙe da littafin kuɗi, shi ya san wanda ake rubuta wa takarda, shi kaɗai aka sani a ofis. Ba mu tura kowa ya koya a wajensa ba, don muna jin kunyar a ce muna yi masa fatan mutuwa. Bulo na nan jibge a filin, awaki na kwana a kai. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zango-zango, a 2021 aka rushe ta, takardar neman taimakonmu kuwa ba a ma rubuta ta ba.

Ranar Lahadi mai zuwa bayan La'asar za mu zauna a gidan marigayin. Hajiya ta ce ta ga littafin a cikin akwatinsa, kuma za ta miƙa shi ga wanda muka zaɓa, in dai mutum biyu ne ba ɗaya ba.