Sheƙar Shamuwa da Igiyar Magini

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:6-8

Shugabannin zumunta sun roƙe ni in rubuta muku wani abu a wannan mako. Da na so in kawo ɗaya daga cikin darussan da nake koyarwa a makarantar tauhidi, sai na ga gara in ba ku labarin wani kuskure da na yi, ko ya hana wani a cikinku maimaita shi.

Kafin a kira ni koyarwa, na yi aikin fasto a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Isa, ba nisa da Turba, a yankin nan na Jihar Sakkwato da ya miƙe ta Sabon Birni har iyakar Nijar. Kun san abin da ya sami yankin tun wajen 2019. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka, wasu mutane suka tsallaka Jihar Maraɗi, wasu suka shigo gari da abin da suka iya ɗaukowa a ka. Iyalai huɗu suka sauka wurinmu. Da dare a jingine bencina a shimfiɗa tabarmi cikin majami'a, ran Lahadi da asuba a naɗe.

Muka yi baiko na musamman, 'yan'uwa daga wasu ikilisiyoyi suka taimaka, har muka sami kuɗin ɗakuna uku. Magini ya zo a watan Mayu ya ja igiya, sai igiyar ta bi ta gindin wata tsohuwar tsamiya da ke bayan majami'a. Ya ce mini, "Fasto, ko itacen nan ko ɗaki na uku. Kuma in ba mu yi rufi kafin Agusta ba, ruwa zai ɓata mana aiki."

A kan tsamiyar akwai sheƙunan shamuwa. Duk ɗan Arewa ya san ta, baƙar tsuntsuwar nan mai farin ciki da dogayen ƙafafu, wadda in ta sauka manomi ya fara gyara fartanya. Da rani tana can gabashi da kudancin Afirka, in damina ta kusa ta dawo ƙasashenmu ta yi ƙwai. Takan kwanta a kansu kimanin wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su iya tashi. Abincinta fara da tsutsa, wato abokan gāban manomi. Ba ta gudun mutum, cikin gari take sheƙa, domin tun kaka da kakanni ba a taɓa ta. Na san duk wannan. Amma na dubi farashin siminti, na dubi yaran da ke kwana a ƙasa, na ce a sare.

Washegari da safe matasa biyu suka hau da gatari. Reshen farko da ya faɗo ya zo da sheƙa biyu. 'Ya'yan ko gashi ba su gama yi ba. Uku suka mutu nan take, ɗaya yana buɗe baki a cikin ƙasa, iyayen suna ta kewaya sama. Muna tsaye shiru sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo Bagobiri Musulmi, ya dogaro sandarsa ya shigo. Ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce, "Malam Fasto, iccen ga ya girme ni. Ku bari ɗiyan su tashi mana. Baƙi na, ba su daɗewa." Na ce, "To, Baba," na sa yaran suka sauko. Kunya ce ta sa na tsayar da aikin a ranar, ban kai ga tuba ba tukuna.

Da yamma dattawan ikilisiya suka zauna, magana ta yi zafi. Ma'ajinmu ya ce ba zai yarda 'ya'yan mutane su ci gaba da kwana a ƙasa saboda tsuntsu ba, ya tuna mana cewa Yesu da kansa ya faɗa a Matiyu sura 10 cewa darajar mutum ta fi ta tsuntsaye masu yawa. Gaskiya ya faɗa, har yau ban ga laifinsa ba. Sai muka kira waɗanda ake ginin dominsu. Wata gwauruwa a cikinsu, wadda aka ƙone rumbunta da ɗakinta a dare ɗaya, ta ce, "Baba Fasto, na ga abin da ya faɗo da safe. Mu ma haka aka yi mana. In don ni ne, zan ƙara wata biyu a kan tabarma."

A daren nan na buɗe Maimaitawar Shari'a sura 22. A aya 6 da 7 Allah ya ba Isra'ila doka a kan wanda ya tarar da sheƙa a hanya, a kan itace ko a ƙasa. An yarda ya ɗauki ƙwai ko 'ya'yan, amma dole ya saki uwar. Allah bai hana mutum biyan bukatarsa ba, iyaka ya sa masa, don kada a kashe iri daga tushe. Ya kuma haɗa dokar da alkawarin zaman lafiya da tsawon rai, irin wanda ya haɗa da girmama iyaye a sura 5. Malaman Yahudawa na dā sukan kira ta mafi sauƙi a cikin dokoki, suna mamakin girman ladanta.

Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk da shekarun da na yi ina karatu, shi ne aya 8. Dokar gini ce: wanda ya gina sabon soro ya yi wa rufinsa rawani, kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Dokar sheƙa da dokar magini suna maƙwabtaka. Na fahimci cewa mai gini zai ba da lissafin ran da gininsa ya taɓa, na wanda zai hau sama da na wanda ya tarar a wurin.

Daga baya na bincika abin da dokar ƙasa ta ce. Akwai dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, wadda ta fi kula da farauta da dazuzzukan da aka keɓe. Akwai ta 1985 a kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Akwai ta 1992 wadda ta wajabta a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kamar madatsar ruwa ko babbar hanya irin ta Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da bin ƙa'idodin muhalli. Nijeriya kuma tana cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka, Turai da Asiya. A Ingila, dokar 1981 ta mai da ganganci wajen rushe sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita laifi, shi ya sa masu gini a can sukan guji sare itatuwa daga Maris zuwa Agusta.

Dokokin nan suna da amfani, ya kamata ku san su, musamman ku masu karatun injiniya da safiyo. Amma ba jami'in da zai zo bayan wata majami'a a Isa don ɗakuna uku. Yawancin itatuwan da muke rasawa a haka suke tafiya, ɗaya don shago, ɗaya don katanga, ɗaya don faɗaɗa masujada. Abin da ya kare shamuwa a ƙasar Hausa shekaru aru-aru shi ne kunya da tsoron Allah na mutanen gari. A ranar nan maƙwabcina ya fi ni riƙe su.

Ga yadda muka ƙare. Magini ya sake jan igiya, ya juya ginin ya fuskanci kudu, ɗaki na uku ya rage girma. Muka gina biyu na nesa da itacen, muka jinkirta na ukun har tsuntsayen suka tashi. Kafin nan siminti ya ƙara kuɗi, sai da muka sake yin baiko, ɗakin kuma ya yi shekara ba ƙofar kirki, sai labulen buhu. Iyali guda suka ci damina a majami'a, da sauro da ɗigar ruwa. Jiran ya ci mana kuɗi, wahalarsa kuma ta faɗa kan waɗanda suka fi mu rauni. Da na ɗaga kai na duba tun watan Janairu, lokacin da sheƙunan ke wofi, da mun tsara ginin ba wanda ya sha wannan wahala.

Da yawa a cikinku birkiloli ne, kafintoci, masu buga bulo da direbobin tifa, wasu kuma gobe ku ne kwamitin gini na ikilisiya. Kafin a ja igiya, ku zagaya filin ku dubi sama. In ginin zai iya kauce wa itace, a kauce. In dole ne a sare, a yi da rani bayan tsuntsaye sun tafi, a dasa wasu a madadinsa, a kuma sa wanda zai riƙa ba su ruwa. Ku hana ƙannenku harbin sheƙa da danƙo. In babban aiki ya zo garinku, kuna da 'yancin tambaya ko an yi binciken da dokar 1992 ta ce a yi.

Annabi Irmiya, a sura 8 aya 7, ya yi kuka cewa shamuwa ta san lokacinta, amma mutanen Allah ba su san shari'arsa ba. Ni ne mutumin nan a wannan safiya. Da damina ta zagayo, tsuntsayen suka dawo kan tsamiyar, gwauruwar nan ce ta fara ganinsu daga ƙofar ɗakinta ta aiko yaro ya faɗa mini.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ba ka manta da ko tsuntsu ɗaya, ka gafarta mana gaggawarmu. Ka ba waɗanda aka kora daga gidajensu a Isa da Sabon Birni mafaka da salama. Ka koya mana mu yi gini ba tare da alhakin rai a kanmu ba. Cikin sunan Yesu, Amin.